Yunwata a Maƙwabtan Ɗan Sama Jannati

Ranar da muka sauka Amurka, tun ba mu bar filin jirgi ba Alhaji ya miƙo hannu ya ce in ba shi fasfona ya ajiye mini, wai ni ban san darajar takarda ba, sai in yar. Na ba shi. Ya jefa a jakarsa ta hannu ya danne makulli. A lokacin ko sunana da ke jikin fasfon ban iya karantawa, hotona kawai na sani. Sai yanzu da furfura ta kama gemuna nake zuwa ajin yaƙi da jahilci a nan Bodinga, har hannuna ya kai ga rubuta wannan.

Sunana Garba, sana'ata kuku. Na koyi girki a wurin wani Bature mai aikin hanya, can kuma na tsinci ɗan Turancin da nake da shi, irin na kicin: kawo, ɗauke, ya yi, na gode. Alhaji kuwa ɗan kwangila ne daga wani ƙauye na ƙasar Shagari. Ba zan kama sunansa ba, don yana da 'ya'ya waɗanda ba su yi mini komai ba. Zamanin farar hula ne, kwangilar shinkafa da ta takin zamani sun buɗe masa, ya sayi gida a wani gari na kudancin Amurka kusa da teku, ya kai iyalinsa. Hajiya ta ce ita ba ta iya cin abincin Turawa, sai an kawo mai tuƙa tuwo. Shi ne aka tuna da ni. Aka ce damina ɗaya zan rasa in dawo. Na bar matata Hajo da yara a hannun yayana, Yaya Mani, na bar masa garkar albasata ta Danchadi, na bi Alhaji.

Unguwar da gidan yake ba ta yi mini kama da wurin da mutane ke zaune ba. Gidaje manya, ciyawa a share, amma sai ka wuni ba ka ga ƙafar mutum a kan titi ba. Babu zaure, babu dakali, babu mai sallama. Motoci ke shiga gidaje, motoci ke fita. Mutum ɗaya ne nake gani da ƙafarsa, maƙwabcinmu na hannun dama, wani dattijon Bature gajere mai sanƙo, wanda matarsa ta rasu yake zaune shi kaɗai. Kowace safiya in ina shara sai ya leƙo ta kan shingen katako da ya raba mu, ya ɗaga hannu ya tambayi lafiyata. Ni kuma in amsa da kalmar da na sani ta "lafiya lau", in ƙara da godiya.

Alhaji ya sha faɗa wa baƙinsa cewa dattijon nan ɗan sama jannati ne, cikin na farko-farko da aka harba sama. Har yakan ce saboda shi ya sayi gidan, don a san irin mutanen da yake maƙwabtaka da su. Ni ban ɗauki maganar da nauyi ba. A Bodinga rabin mutane cewa suke ƙarya ce ta Nasara, babu wanda ya je ko'ina. Sauran rabin kuma sun yarda an je, har suna cewa daga can aka sauko mana da jan ciwon idon nan da ya game gari a shekarun baya. Na dubi mutumin da guntun wando yana ba fure ruwa, na ce wannan ko saman kuka bai yi kama da wanda zai hau ba.

Damina ta wuce ba a yi zancen komawata ba. Na yi haƙuri. Sai wata safiya waya ta yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa, Hajiya ta fito ba ɗankwali, aka ce soja sun karɓi mulki a gida, kuma ana neman 'yan kwangila irin su Alhaji. Cikin 'yan kwanaki suka haɗa akwatuna sai Landan, wai can ya fi kusa da labari. A bakin mota Alhaji ya danƙa mini makullai ya ce gida amana ne a hannuna, kada in je ko'ina, kada in bari ciyawa ta yi tsawo don hukuma na cin tara, kuma kwanan nan zai aiko mini da tikiti. Na durƙusa na ce, ranka shi daɗe, fasfon nawa fa?

"Mi za ka yi da fasfo cikin gida, Garba? Tuwo za ka tuƙa da shi?"

Yaran suka yi dariya, motar ta tashi.

Da farko ban ji tsoro ba, don akwai abinci a sito. Na ci shinkafa har na kaɗe buhu. Na koma kan fulawa da abincin gwangwani. Waya ce ta fara mutuwa, na ɗauka in ji shiru kamar rijiya. Sannan wuta ta ɗauke, sannan gas. Takardu suna ta zuwa cikin akwatin bakin ƙofa, wasu da jan rubutu, ina tara su a kan tebur don in Alhaji ya dawo ya gani ban yar da ko ɗaya ba. Na kafa duwatsu uku a bayan gida, ina tsintar busassun rassa ina hura wuta. Dattijon ya ga hayaƙi, ya leƙo ya ɗaga mini babban yatsa yana murmushi. Ashe a zatonsa nama nake gasawa don nishaɗi, yadda su suke yi.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na fita neman masallaci ko wani mai jin Hausa. Na yi tafiya har ƙafata ta gaji, na ga wani baƙin mutum a gidan mai, na yi masa sallama da murna. Ya dube ni sama da ƙasa ya ci gaba da aikinsa. A hanyar dawowa motar 'yan sanda ta rage gudu a gefena, suka bi ni da ido har na shiga kwana. Ba ni da takarda ko ɗaya a aljihu. Daga ranar ban sake wuce bakin titinmu ba.

Abin da ya rage a ƙarshe shi ne kuka da daddawa da Hajiya ta bari, sai gishiri. Nakan kaɗa miyar kuka tsululu in sha kamar kunu. Da ita ma ta ƙare na daina hura wuta, don babu abin ɗorawa. Akwai wata bishiyar lemo mai tsami a bayan gida, ita na koma wa, har haƙorana suka mutu.

A cikin wannan hali ne wata la'asar dattijon ya gasa kifi a bayan gidansa. Ƙamshin ya tsallako shinge ya same ni a zaune. Can sai ya kira ni, ya miƙo faranti, kifi guda har da dankali. Na tashi, na yi abin da duk ɗan da aka haifa a gidan mutunci zai yi. Na dafa ƙirji na ce na gode, na ƙoshi. Ina jiran ya ce haba, karɓi mana. In sake ƙi, ya rantse, sannan in karɓa in ce to don kada in ƙi alheri. Haka ake yi tun daga Sifawa har Horo Birni, ko yaro ya sani. Mutumin nan sai ya gyaɗa kai, ya ce to madalla, ya juya da farantinsa. Ina tsaye ina kallo ya gutsura wa karensa.

Ban taɓa jin haushin ɗan Adam irin na ranar ba. Na koma ciki ina faɗa ni kaɗai. Na ce wannan wace irin halitta ce, a yi maka kara ka ɗauka gaskiya ce? Bai ga wuyana ba? Bai ga wandona na faɗuwa ba? Washegari da safe ya leƙo ya tambayi lafiyata kamar kullum. Na ce lafiya lau.

Ciyawar Alhaji ce ta kayar da ni. Ta yi tsawo, injin yankanta kuma babu mai, sai na ɗauki addar kicin na fita da tsakar rana. Na tuna na sunkuya. Abin da na sani bayan nan shi ne ina kwance a kan doguwar kujera a falon da ban sani ba, dattijon yana ɗura mini ruwan sukari da cokali. Ya kira wani likita abokinsa ya duba ni. Da na ɗan dawo hayyacina ya karɓi makullai a aljihuna, ya tafi gidan Alhaji, ya jima. Da ya dawo fuskarsa ta yi ja har sanƙon. Ya tsaya a kaina yana ta faɗa da Turanci, yana nuna shinge, yana nuna bakina. Ban fahimci komai ba sai dai cewa fushi yake da ni. Na ce a raina, ikon Allah, shi ne ma mai fushin.

Ya yi ta buga waya jami'ar garin yana neman mai jin yarena. Da farko suka turo wani Bayarabe mai kirki, muka kalli juna muka yi dariya, shi ne ya ce ya san wanda ya dace. Kashegari ina zaune a barandar dattijon sai na ji an ce, "Salamu alaikum, mutanen Bodinga. Albasa ta ƙare na kunka taho nan cin lemu?"

Na rushe da kuka kamar yaro, ban ji kunya ba. Malam Sahabi ke nan, malamin makaranta daga Horo Birni, magidanci kamata. Gwamnatin jiha ce ta turo shi ƙaro karatu, da mulki ya canza aka manta da shi, yana wanke kwanuka a wani gidan abinci yana ƙarasa karatunsa. Shi ya gaya mini cewa dattijon tsohon kanar ne na sojan sama, daga nan muka riƙa kiransa Kanar.

Kanar bai bari mun gama gaisuwa ba. Ya ce Malam Sahabi ya tambaye ni, don me kullum yana tambayata ina ce masa lafiya, don me ya ba ni abinci na ce na ƙoshi. Malam Sahabi ya yi ƙoƙarin yi masa bayanin kara da kunya, cewa a wurinmu namiji ba ya buɗe baki ya ce yana jin yunwa, kuma asirin gidan ubangida ba a kai shi waje. Kanar ya ce wannan ba ladabi ba ne, ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai kisa.

Kalmar ƙarya ta ƙona ni. Na ce Malam Sahabi ya faɗa masa daidai yadda zan faɗa, kada ya sassauta.

"Kai da anka ce ka hau sama ka ga duniya dut ta taga guda, ba ka ga hayaƙi ya bar tashi bayan shingenka ba? A garinmu maƙwabci ba shi tambaya. In ya ga ba a hura wuta ba, kwano shika aikowa, kuma ba shi tsayawa jin mi za ka ce."

Na zaci Kanar zai ji haushi. Sai ya ce ya lura hayaƙin ya daina, ya lura na rame. Amma a wurinsu, ka shiga sha'anin mutum bayan ya ce maka lafiya yake, raini ne. Ya ce to, laifin namu ne mu biyu. Na ce a'a, mu uku ne, kuma mai babban rabon yana Landan. Malam Sahabi ya yi dariya har ya kasa fassarawa.

Daga ranar na koma cin abinci a gidansa. Ban yarda in ci a banza ba, na karɓi kicin ɗin. Na tuƙa masa tuwon garin masara da miyar kuɓewa, ya ci da cokali yana gumi. Duk ranar da Malam Sahabi ba ya aiki yakan zo, mu zauna a baranda da hantsi, a nan na ji tarihin mutumin.

Ɗan manomi ne, ubansa masara yake nomawa. Ya shiga soja don yana son tuƙa jirgi, ya yi yaƙi, daga baya ya zama mai gwada sababbin jirage, irin waɗanda maƙeransu ma ba su tabbatar za su sauka lafiya ba. Ya ce a wannan aiki ya raka gawar abokai da yawa. Daga cikin irinsu aka zaɓi waɗanda za a harba sama. Ya nuna mini hoton kumbon da ya shiga, wallahi cikinsa bai kai rumbun gero faɗi ba. A ciki ya yi ta kewaya duniya, rana na fitowa tana faɗuwa sau da yawa kafin mu nan mu ga wuni guda. Na ce to mai salla ya zai yi? Ya ce wannan sai malamanmu. Na ce masa mutanenmu na zarginsu da kawo mana ciwon ido. Ya ce shi dai bai kai duniyar wata ba, a nemi waɗanda suka kai.

A nan ne fuskarsa ta canza. Ashe an sa sunansa cikin masu zuwa wata, ya yi shekaru yana shiri. Ana gab da tafiya sai jiri ya fara ɗibarsa lokaci-lokaci, ya ga ƙasa ta karkace, sannan ya wuce. Babu wanda ya sani, ko matarsa. Ranar da likita ya yi masa tambayar da aka saba, ko akwai wani abu, ya ce akwai. Aka cire shi. Ya zauna a falon nan da muke kusa da shi, ya kalli wani a talabijin zaune a kujerarsa ta cikin kumbo. Jirin kuma daga baya aka yi masa magani ya warke, amma layi ya riga ya wuce shi.

Na tambaye shi ko ya yi da-na-sani. Ya ce kusan kullum, musamman in wata ya cika. Amma da likitan zai sake tambayarsa, amsar da zai bayar ke nan, don ba shi kaɗai ne zai shiga kumbon ba. Ya ce in kana can sama, mutanen da ke ƙasa ba su da ido a kanka, maganar bakinka kawai suke da ita. In ka ce lafiya, sai su daina nema. A ganinsa jarumta ba shiru ba ce. Wanda ya ce lafiya alhali ba lafiya, ya ɗaure hannun duk mai son ya cece shi.

Ban yarda da duk abin da ya faɗa ba, har gobe. Mutumin da ke zaune shi da kare, 'ya'yansa na wani gari suna bugo waya a ranar biki, ba shi zai koya mini zaman duniya ba. Na faɗa masa haka, ya ce ban yi ƙarya ba. Amma maganar ɗaure hannu ta zauna mini a ciki.

Muna cikin haka wata safiya wasu mutane suka zo suka kafa allo a kan ciyawar Alhaji. Da Malam Sahabi ya zo ya karanta, sai ya kawar da kai. Sai da na matsa masa ya ce an sa gidan a kasuwa. Wato Alhaji yana da bakin yi wa dillali magana daga Landan, amma ba shi da bakin tambayar ko Garba na raye. Zai sayar da gida da ni a ciki kamar kujera. Na zauna a ƙasa a gindin allon.

Kanar ya tambaye ni abin da nake so, ya ce in faɗa a fili. Na ce gida. Ya ce to. Ya buga wa dillalin waya ya ce yana son ganin mai gidan ido da ido kafin a sayar, a matsayinsa na maƙwabci. Da saƙon ya isa Landan cewa ɗan sama jannati da kansa ke neman Alhaji, ba a daɗe ba sai ga shi. Amma Kanar ya gargaɗe ni tun kafin ranar. Ya ce shi zai tsaya a gefena, Malam Sahabi zai fassara, amma magana daga bakina za ta fito. In na ce lafiya, shi zai koma ga furanninsa.

Alhaji ya iso da hantsi tare da dillalin. Ya ajiye babbar riga ya sa kwat, ga kyamara a wuya don ya ɗauki hoto da Kanar, ga jakarsa ta hannu. Ya yi ƙiba. Ya gan ni ya buɗe hannu.

"A'a, Garba. Ka ga yadda Amurka ta karɓe ka. Lahiya dai ko?"

Gwiwoyina suka kai ƙasa da kansu, don sun saba. Amsar da na yi ta bayarwa tun ina yaro ta zo har bakina. Na dubi takalmansa masu sheƙi, na haɗiye ta.

"Ba lahiya ba, ranka shi daɗe. Yunwa ta kusa kashe ni cikin gidanka. Fasfona nika so, da tikitin gida."

Malam Sahabi ya juya maganata da Turanci da ƙarfi, yadda dillalin ma zai ji. Alhaji ya ce masa kai malam, wa ya sa ka, rufe mana baki, maganar gida ce. Malam Sahabi ya fassara wannan ma, har da rufe mana baki. Alhaji ya juyo kaina, murmushin na nan a fuskarsa saboda baƙi, amma muryar ta sauka.

"Ni za ka tozarta gaban Bature, Garba? Wa ya hidda kai daga Bodinga? Ubanka ya taɓa ganin cikin jirgi?"

"Bai taɓa ba, Alhaji. Kuma bai taɓa tahiya ya bar ko akuya a turke ba ruwa ba."

Ya fara rantse-rantse, wai ya aiko da saƙo bai iso ba, wai shi ma a wahale yake, soja sun rufe masa komai, fasfon kuma yana Landan, in ya koma zai aiko. Na miƙe tsaye, abin da ban taɓa yi a gabansa ba sai ya ce in tashi. Na nuna jakar na ce a buɗe ta. Kanar bai ɗaga murya ba. Ya ce riƙe fasfon mutum da barinsa cikin yunwa laifi ne a ƙasarsu, likitan da ya duba ni yana nan, kuma shi a shirye yake ya faɗi abin da ya gani a gaban duk wanda ya tambaya. Dillalin ya fara tattara takardunsa yana duban motarsa.

Alhaji ya buɗe jakar. Fasfon na ciki, a aljihun da ya sa shi tun ranar farko. Bai miƙo mini ba, a kan ciyawa ya jefar. Na sunkuya na ɗauka, na goge shi da bakin rigata. A ranar Kanar ya kwashe mu a motarsa zuwa ofishin jirgi, ya tsaya a bayan Alhaji har aka yanki tikitin. Bayan duk wannan, da muka fito, Alhaji bai ji kunyar ɗaga kyamara ya nemi hoto ba. Sau ɗaya Kanar ya ce a'a, kuma na riga na san a'arsa ba ta kara ba ce.

Izinin zamana ya daɗe da ƙarewa, sai da Kanar da Malam Sahabi suka yi ta yawo da ni ofis-ofis kafin a bar ni in fita. A filin jirgi Kanar ya ba ni hoton duniya da aka ɗauko daga sama, ya ɗora yatsa a gefen hamada, wurin da yake zaton nan ne Sakkwato. Malam Sahabi kuwa, da takalminsa da ya ɓule da hannayensa da ruwan wanke-wanke ya cinye, ya ja ni gefe ya ce in na je Horo Birni in gaya wa innarsa lafiya lau yake. Muka dubi juna. Ya ce, to mi kaka so in ce mata? Da na je, abin da na gaya mata ke nan.

Na iske gida cikin tsanani. Damina ta yi gardama, gero bai yi ba, mutane na layin sabulu da madara, soja na tsaye da bulala. Hajo da yara suna nan da rai, sun rame, garkata kuma Yaya Mani ya riƙe ta da kyau. Amma labari ya riga ni isowa. An ce Garba ya je Amurka ya buɗe ido, ya haɗa kai da Nasara ya wulaƙanta ubangidansa a lokacin da duniya ta juya masa baya. A masallaci wasu suna ba ni hannu da yatsu biyu. Babu wanda ya tambaye ni abin da ya faru. Yaya Mani ya ce ko mene ne, babba babba ne, in shirya mu tafi ƙasar Shagari in ba mahaifin Alhaji haƙuri, magana ta mutu.

Ban yi masa musu ba. Ranar kasuwa muka hau mota, muka iske tsohon a zaurensa da dattawan gari kewaye da shi. Muka cire takalma, muka yi gaisuwa yadda ta kamata. Yaya Mani ya ce ga Garba ya zo da magana. Na sunkuyar da kai na fara tun daga filin jirgi. Na faɗi wayar da ta mutu, da wutar, da duwatsu uku, da miyar kuka. Yaya Mani yana ta taɓa ni da gwiwa. Da na kai kan lemon tsami, tsohon ya ɗaga hannu.

"Ya isa, Garba. An yahe maka."

"Ba yahiya ta kawo ni ba, Baba. Kuma ban ko kai ranar da na hwaɗi cikin ciyawa ba."

Wani dattijo ya yi gyaran murya, wani ya shiga jan carbi da sauri, amma babu wanda ya tashi. Na gyara zama na ɗora daga inda aka tsayar da ni, ban ƙara ba, ban rage ba. Sai da na kai ƙarshe, sannan na nemi takalmana.